Fitilar PH 5 da na sayo a gwanjo, wata takwas kenan muna cin tuwo a ƙarƙashinta

Abin da ba wanda ya gaya min kafin in zo Danmak shi ne in ka kama hayar gida a ƙasar nan ba lallai ka tarar da ko ƙwan fitila ɗaya a falo ba. Wallahi da gaske nake. Ranar da muka tare ƙarshen Nuwamba ne, ƙarfe huɗu na yamma gari ya riga ya yi duhu kamar bayan isha'i, na laluba bango na danna makunni shiru, na haska silin da tocilan waya sai na ga ba lam-holda ba waya ba komai, wani ɗan soket ne kawai can saman bango dab da silin, sai ƙugiya guda ɗaya a tsakiyar ɗaki. Ashe wanda ya tashi kwashe fitilunsa yake yi ya tafi da su yadda mutum zai naɗe katifarsa ya ɗauki tukwanensa. Da hasken kicin da na banɗaki muka kwana ranar.

Washegari na je na sayo waya da lam-holda da farin ƙwai mai ƙarfi na rataye a ƙugiyar nan tsirara, irin yadda muka saba a gida, haske ya cika ɗaki fes, na ce shikenan an wuce wajen. Mun fi shekara a haka ban ga wani aibu ba.

To amma mutanen nan da yawansu ba sa sakin labule da daddare, in kana dawowa daga aiki a kan keke dole idonka ya faɗa cikin gidajen mutane ko ba ka so, kuma abin da na riƙa lura da shi shi ne gida bayan gida fitila iri ɗaya ce rataye a saman teburin cin abinci, ƙasa-ƙasa sosai kamar za ta taɓa kwanon miya, fara, kamar an ɗauko faifai da faranti da kwanon sha an jera an kife. Ɗakunansu da wani haske mai laushi ja-ja, namu kuwa in na hango tagarmu daga ƙasa sai ka rantse ɗakin allura ne a asibiti. Na tambayi wani abokin aikina ɗan ƙasar, ko gama kwatance ban yi ba ya ce PH 5 kenan, ta gidan kakarsa ma tana wajensa, ƙanwarsa har yau tana jin haushin shi ya riga ta ɗauka. Fitila fa ake rabon gado a kanta!

Sabuwa na duba kuɗinta a shago na ajiye a hankali na fito. Ba zan ɓoye muku ba, kuɗin ba na wasa ba ne. Sai na koma neman gwanjo a intanet, na yi kusan sati uku ina leƙe, har na dace da wata dattijuwa da za ta bar babban gidansu ta koma ƙarami tana rage kaya. Na hau jirgin ƙasa na je. Fitilar tana nan rataye a inda take ba a ma sauke ta ba, ta ce tun 'ya'yanta suna firamare take wajen, yanzu kuma jikokinta sun yi aure. Na hau kujera na duba ta da kyau: babban faifan na sama yana da 'yar lotsawa a gefe kamar girman ɗan yatsa, farin fentin ya koma ruwan madara, wayar ta bushe ta yi tauri kamar kilishin bara. Na gwada taya ta irin na Kantin Kwari, na zabge kusan rabi, baiwar Allah ta kalle ni ta saman tabarau ta yi shiru har na ji kunya ta kama ni. A nan ba a cewa albarka, shirun nan shi ne albarkar. Daga ƙarshe ta ɗan rage min saboda wayar, abin da na biya dai bai kai rabin kuɗin sabuwa ba. Na rungumo ta cikin tsohon bargo a jirgi kamar mai ɗauke da jariri.

Da na shigo gida maman yara ta buɗe bargon ta duba ta ce, "Baban yara, wai wannan murfin tukunyar ka je har wani gari ka sayo?" Ban tanka ba, don ni ma a lokacin zuciyata ta fara raya min ko an yi min wayo.

Bari in kwatanta ta yadda take a hannu. Faɗin babban faifan santimita 50 ne, daga nan lambar 5 ɗin ta fito, PH kuma farkon sunan wanda ya zana ta ne, Poul Henningsen. Alminiyam ce gaba ɗaya, ba ta da nauyin da girmanta ke nunawa, hannu ɗaya ya ishe ka ɗaga ta. Faya-fayan hawa-hawa suke, wasu siraran ƙarafa uku masu lanƙwasa ne suka riƙe su, kowane faifai da irin lanƙwasarsa, a sama akwai wani kamar mazurari da waya ke shiga ta cikinsa. Ƙwan yana can tsakiya a ɓoye. In ka leƙa ciki sai ka ga abin mamaki, fitilar da take fara fat daga waje ashe cikinta akwai inda aka shafa ja, akwai wani ɗan ƙaramin faifai mai shuɗi. Na ɗauka kwalliya ce, ashe lissafi ne, zan zo kansa.

Waya na fara canzawa, wannan kam duk wanda zai sayi tsohuwar fitila kada ya yi wasa da shi, waya mai shekara arba'in ko hamsin ba abin yarda ba ce ko daga wace ƙasa ta fito. Na sa sabuwa mai rufin zare, na wanke faya-fayan da ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi, ban goge da soson ƙarfe ba don fentin ba mai sheƙi ba ne, in ka kankare shi ka cuci kanka.

Da na kunna sai na yi abin da na ji ana cewa a gwada. Na zagaya ta. Na tsuguna na leƙa ta ƙasa, na hau kujera na leƙa ta sama, na koma bakin ƙofa, na zauna a kowace kujera ta teburin ɗaya bayan ɗaya, yara suna bi na a baya suna dariya sun ɗauka wasa ne. Ban ga ƙwan ba. Ta ko'ina ka ɓullo wani faifai ya tare shi, abin da ke isowa idonka hasken da ya daki farin fenti ya dawo ne kawai. Kuma duk da haka teburin ya haskaka tar, ita kanta fitilar tana haska jikinta, kowane faifai yana ɗaukar haske daga na kusa da shi. A nan na gane duk surutun da ake yi a kanta abu ɗaya ne, haske ba tare da kashe ido ba. Mu mun saba da ƙwai tsirara har mun manta cewa kullum a ɗan kanne ido muke zaune a ɗakunanmu. Sai da aka cire min abin na san yana damuna.

Shi Henningsen ɗin an haife shi a 1894 ya rasu a 1967, kuma abin da ya sa na ji kamar na san shi shi ne da fitilar kananzir ya tashi, irin hasken nan ja mai taushi, da lantarki ya zo gari sai ya ga ƙwan yana soke ido yana mayar da fuskar mutane kamar marasa lafiya, ya kwashe rayuwarsa yana neman yadda zai samu ƙarfin lantarki da taushin kananzir a wuri ɗaya. Duk wanda ya yi karatun dare da fitilar ƙwai, ana ɗaga lagwani ana goge gilashi da toka, ya san hasken da mutumin nan yake kewa. Ni dai ina kunna ta ɗakin kakata a Zariya ya faɗo min a rai, ban da warin kananzir da hayaƙi.

Ba da PH 5 ya fara ba. A 1925 ya kai fitilunsa babban baje kolin kayan ƙawa na birnin Paris ya samo lambar zinare, a 1926 kuma shi da kamfanin Louis Poulsen mai ƙera fitilunsa suka samu kwangilar haska babban zauren Forum na Kofanhegan, a nan tsarinsa na faifai uku ya fito sosai. Lanƙwasar faya-fayan ba da ka ya yi ta ba, wani lissafi ya bi irin naɗin bayan dodon koɗi, yadda haske zai riƙa raguwa a hankali daga tsakiya zuwa baki maimakon ya yanke kwatsam. Shi kamfanin ma abin dariya, a 1874 da aka kafa shi giyar inabi yake shigowa da ita, daga baya ya koma kayan lantarki. Mutumin kuma ba fitila kaɗai ya iya ba, marubuci ne mai kaifin baki, yana sukar masu mulki da masu gine-ginen ƙarya, ya caccaki 'yan Nazi tun kafin su shigo. Da Jamus ta mamaye Danmak a 1940 aka hana kunna wuta da dare saboda jiragen yaƙi, sai ya zana wa filin shaƙatawa na Tivoli wata fitila da ba a hango haskenta daga sama, wajen ya ci gaba da buɗewa har dare. A 1943 da abin ya yi zafi ya tsere Suwidin cikin kwale-kwale tare da Arne Jacobsen, shi ma babban mai zanen gine-gine da kujeru ne, sai da aka gama yaƙi a 1945 ya dawo.

PH 5 a 1958 ta fito, kuma dalilin fitowarta haushi ne. Masu ƙera ƙwan fitila kullum sai sun canza girma da siffa, shi kuma tsofaffin fitilunsa sai ƙwan ya zauna daidai a wani gurbi kafin lissafin ya yi aiki, da ya gaji sai ya ce to bari ya yi wadda ko me ka cusa mata ba za ta kashe ido ba, har da barkwancinsa wai ko ƙwaron nan mai walƙiya da dare ka sa ko fitilun Kirsimeti za ta karɓa. Ga shi kuwa ni na ɗaura mata LED da bai taɓa gani ba a rayuwarsa ta karɓa lafiya lau. Ja da shuɗin nan na ciki kuma ya sa su ne don su gyara launin hasken ƙwan zamaninsa mai zare, su ƙara masa ta ɓangaren da ido bai cika kamawa ba. Da LED na yanzu aikinsu ya ragu, amma da daddare in ka kalle ta daga gefe akwai wani ɗan ja-ja da shuɗi-shuɗi da ke fitowa tsakanin faya-fayan, ni shi na fi so a jikinta gaba ɗaya.

Kuskure biyu na yi, duka nawa ne ba nata ba. Na farko na ɗaure ta can sama kusa da silin yadda muke yi a gida don kada kai ya buge ta, sai ta zama ba ta da wani amfani, teburi dishi-dishi, ɗaki dishi-dishi. Abokin aikin nan nawa ya zo shan shayi ya ɗaga kai ya kama baki kamar na yi saɓo, ya ce a sauke ta, tsakaninta da teburi kada ya wuce santimita 60 zuwa 65. Na ce haba, ai sai ta tare min fuskar wanda ke gabana. Ya ce gwada. Na gwada, ba ta tare ba, tana dab da saman ido in kana zaune. Na biyu kuma farin ƙwan nan namu na gida na fara sa mata, mai lamba 6500 a ma'aunin launin haske, ta koma kamar fitilar shagon gyaran waya. Da na canza zuwa mai lamba 2700 mai ruwan ɗorawa sai komai ya zauna.

Daren da na gyara duka biyun tuwon shinkafa aka yi da miyar taushe. Ban taɓa tsayawa na kalli abinci haka ba, man ja yana ƙyalli a gefen kwano, kabewa ta fito da launinta, tururi yana tashi yana shiga cikin hasken yana ɓacewa a tsakanin faya-fayai, fuskokin yara a haske bayansu kuma duhu-duhu, sai teburin ya zama kamar wani ɗan ɗaki a cikin ɗaki. Kuma na lura tun daga lokacin an daina ɗaukar faranti a tafi gaban talabijin, kowa nan yake zama, aikin makaranta ma nan ake yi, maman yara da ta kira ta murfin tukunya yanzu nan take zama da ɗinkinta har sha ɗaya. Na tuna mata maganar ta ce ita ba ta tuna ta faɗi haka ba. Da na nuna wa Hajiyarmu a bidiyo kuwa cewa ta yi, "Ɗan nan, in faifai kake so ai da ka faɗa na aiko maka da na kaba."

Yanzu inda ba ta yi min ba, don kar a ce na zo talla. Fitilar teburi ce, ba ta haska ɗaki. Mu kuma mun saba ƙwai ɗaya ya yi aikin komai, a nan dole ka ƙara wata a kusurwa, wata kusa da kujera, su mutanen ƙasar haka suke yi, ƙananan fitilu huɗu biyar a falo ɗaya. Sannan in ba ka da teburi a ƙarƙashinta ta zama tarko. Ranar sallah muka janye teburin muka shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa don baƙi sun yi yawa, mutum uku suka buga kai, ɗaya har hularsa ta faɗi cikin zobo, dole na naɗe wayar na ɗaure ta sama da igiya. Ga ƙura, faifai hawa-hawa ai gidan ƙura ne, duk sati biyu sai na zura tsumma tsakaninsu, canza ƙwai ma sai ka yi haƙuri ka bi a hankali ba irin na lam-holda ba ne da za ka murɗa ka wuce.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kuɗin. Mutumin nan ra'ayinsa na talakawa ne, burinsa ma'aikaci ya samu haske mai kyau a gidansa, yau kuma sabuwar fitilarsa sai mai hali. Har yanzu kamfanin yana yin ta a masana'antarsa da ke Vejen, launuka kala-kala, akwai ma ƙarama mai santimita 30 da suka fitar a 2017, aikin kam ba laifi, amma ni a ganina tsohuwa ta fi, ta fi araha kuma alminiyam ba ya ruɓewa, lotsawar tawa ma na juya ta ɓangaren bango ba mai gani. Sai dai a kula da jabu, sun cika intanet. Na ga wata a gidan wani ɗan'uwa ɗan Ghana da ya saya da arha, daga nesa sak, ina zama a kujera ƙwan ya soke min ido ta tsakanin faifai na biyu da na uku. Sun kwafi siffar ba su kwafi lissafin ba. In za ka saya ka sa a kunna, ka zagaya, ka tsuguna, in ka hango ƙwai ko ta ina ka ajiye musu kayarsu.

Tana da 'yar'uwa da aka haifa shekara ɗaya, 1958, wadda ake kira Artichoke da sunan wani kayan lambun Turawa mai ɓawo hawa-hawa, ni dai abarba ta fi yi min kama da ita. Ganye 72 na jan ƙarfe, an yi ta ne don gidan cin abinci na Langelinie Pavillonen da ke bakin ruwa a Kofanhegan. Ita ma dokar ɗaya ce, ba ka ganin ƙwai. Wannan kam kallo kawai na yi, kuɗinta sai ka sayar da fili.

Yayana da ke gini a Zariya ya ga hoton ya ce lallai in taho masa da guda biyu, ɗaya falo ɗaya ɗakin baƙi. Ta fannin wuta ba matsala, nan da can duk 230 ne, sai dai ƙwanta mai murɗawa ne ba mai fin ba, shi ma yanzu ana samu a ko'ina. Na tambaye shi ina fanka za ta zauna, ya ce tsakiyar silin mana, na ce to ita ma nan take so, kuma ko ka matsar da ita gefe iskar fanka za ta riƙa kaɗa ta kamar lilo. Na tambaye shi teburin cin abinci fa, ya ce akwai a zane amma ka san mu a ƙasa muke ci. Na tuna masa ƙurar hunturu, wadda a kwana biyu za ta mayar da farin faifai ruwan ƙasa. Ya yi shiru, can ya ce shi fa mai POP ya riga ya huda masa gurbin ƙananan fitilu goma sha shida da wata shandaliya mai canza launi da rimot.

Mun tsaya a kan guda ɗaya, a ɗakin karatunsa saman tebur, fanka kuma ta tsaye zai saya. Na samo masa wata ja a gwanjo makon jiya, ita ma wayarta ta bushe, tana nan cikin bargon nan a saman wadirof. Abin da ban gano ba har yanzu shi ne yadda faifai mai faɗin santimita 50 zai shiga akwati ya iso Kano bai lotse ba, maman yara ta ce in cusa atamfofin tsaraba tsakanin faya-fayan, shi zan gwada ranar Asabar.